Kamu Biyu da Taƙi

Ko tsufa zai kwashe mini duk abin da ke kaina, ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Talata ba, shekara biyu da suka wuce, da na tsaya a bayan katangar da ba a gama ginawa ba ina sauraron abin da bai kamata mai rai ya ji ba. Ni na jawo wa kaina. Na faɗi wannan tun yanzu don kada a ce na ɗora wa wani.

Mu mutanen wani ƙauye ne a ƙasar Gezawa, inda gona ke manne da gona, ba ka sanin inda ta wane ta ƙare sai an nuna maka jerin lalle. Mijina, Malam, Allah ya jiƙansa, magini ne. Na ƙasa, ba na siminti ba. Shekara arba'in da ɗoriya na zauna da shi, kuma ban taɓa ganin ya riƙe takarda don zai yi gini ba. Idan aka ba shi aiki, sai ya je filin da sassafe ya zagaya, ya ɗauki kara ya ja layi a ƙasa, ya bi layin da toka. Sannan ya kira mai gidan ya ce ya shiga. "Nan ne ɗakinka, kwanta ka ji ko ƙafarka ta miƙe." Mutum da gemunsa sai ya kwanta a ƙasa cikin layin toka. Idan ya ce ya yi, a fara haƙa. Idan bai yi ba, a share da ƙafa a sake ja.

Ni ban yi boko ba, ko allo ban yi nisa ba, amma Allah ya ba ni ido da riƙo. Abin da na gani sau ɗaya ya zauna. Duk awon Malam na haddace shi, kuma awonsa da hannu ne: kamu, daga gwiwar hannu zuwa kan dogon yatsa, da taƙi, daga babban yatsa zuwa dogon idan an buɗe tafi. A cikin awon nan duka akwai guda ɗaya da ya fi riƙewa da muhimmanci.

Kun san gidajenmu, ba a fitowa daga zaure a faɗa tsakar gida kai tsaye. Akwai lungu da ke karyawa, don wanda ke tsaye a zaure kada ya hango mata. Malam yakan ce a wannan karyawar ake gane magini. Duk abin da zai shiga gida ana iya lanƙwasa shi ko a kwance shi, buhu ne, gado ne, ƙofa ce. Abu ɗaya ne ke fita wanda ba ya lanƙwasuwa, shi ne makara. Ya ce yana yaro ya taɓa ganin gidan da makara ta ƙi juyawa a lungu, har sai da aka miƙa mamacin ta kan katanga kamar damin dawa, 'ya'yansa suna kallo. Tun daga ranar ya yi wa kansa alkawari, duk lungun da zai gina faɗinsa kamu biyu ne da taƙi, ko mai gida ya so ko bai so ba. Ranar da ya rasu ina tsaye a bakin ɗakina na ga an fita da shi ta lungun da ya gina da hannunsa. Mutum huɗu, kafaɗar kowa ba ta goga bango ba. A zuciyata na ce, ya Allah ni ma haka. Ban roƙi gidan sama ba, ban roƙi kujerar Makka ta biyu ba. Wannan kawai na sa a raina, in fita daga gidan nan a miƙe, cikin mutunci, yadda ya fita.

To, sai ga markar wata shekara ta zo da ƙarfi, zauren da katangar gaba suka zube cikin yini guda, ɗakuna biyu suka tsage. Ɗana Sabi'u, wanda ke sayar da hatsi a birni, kullum ya tafi da safe ya dawo da yamma, ya ce ba za a sake ɗora ƙasa ba. Da an gama kaka za a yi na bulo. Ban yi musu ba, don ni ma na gaji da yaɓe duk shekara. Abin da ya sa na ɗaga kai shi ne da ya ce Bilkisu ce za ta zana gidan.

Bilkisu 'yarsa ce, jikata, wadda ta gama karatun zanen gini a birni a shekarar. Yarinya ce mai natsuwa, ba ta da rawar kai. (Ni dai ba na cikin kakannin da jikoki ke hawa kansu da wasa. Ko tana ƙarama, idan ta shigo ɗakina sai ta durƙusa.) Wannan ne aikinta na farko, kuma ta zo da kaya iri biyu. Akwai babbar takarda da rula da fensira masu tsini, akwai kuma kwamfuta. Ta yi wa ubanta bayani ina daga gefe ina tsince wake, kamar ba na ji. Ta ce a makaranta sai da aka sa su shekara guda suna zane da hannu har yatsunsu suka yi kanta kafin a bari su taɓa kwamfuta. Ta ce ita zanen hannu ta fi so, don yana sa mutum ya yi tunani kafin ya ja layi. Amma a takarda idan ka matsar da bango ɗaya sai ka goge rabin aikin ka sake, a kwamfuta kuwa gidan yake tashi tsaye, ka shiga ka fita, ka matsar da bango ka ga abin da ya taɓa nan take. Ta ce ya zaɓa, kowanne za ta iya. Sabi'u ya ce ta yi duka biyun mu gani.

Na takardar bai dame ni ba. Ganinta a kan tabarma ta sunkuya tana jan layi a hankali ya ɗan tuna mini da Malam, ko da yake layukan ba su ce mini komai ba. Na kwamfutar ne ya tsaya mini a rai. Wata rana bayan la'asar ta buɗe ta a ƙarƙashin darbejiya, sai ga gida a tsaye, da fentinsa da tagoginsa, har da inuwa. Ta taɓa wani abu muka shiga ciki, muna zaune a tabarma. Sabi'u sai murmushi yake, matarsa Hadiza, uwar Bilkisu, tana ta masha Allah. Ni kuwa abin bai kwanta mini ba. Shiga gidan da Allah bai riga ya nufa a gina ba, ban ga alheri a ciki ba. Sai na zuba ido ina jiran wuri ɗaya.

Da muka zo wurin, na ce ta tsaya. Ta yi hanya miƙaƙƙiya irin ta gidajen birni, daga ƙofar waje kana hango har madafa. Na ce wannan gidan wa za a zauna a ciki, mu ko 'yan kallo? Ta ce gaskiya ne, ta gyara, nan take ta karya hanyar ta zama lungu. Sai na tambaye ta ko makara za ta juya a nan.

Hadiza ta sunkuyar da kai. Bilkisu ta daɗe tana kallon kwamfutar, sannan ta ce, "Kaka, wallahi ba wanda ya taɓa koya mana wannan."

Da a nan na tsaya, da yau labarin da nake bayarwa na yabo ne. Tambayata daidai ce, kuma yarinyar ta amsa da ladabi. Amma daga wannan amsar kaina ya kumbura. Na ce ashe duk shekarun da aka yi ana kai ta birni, abin da tsohuwa ta sani tana tsince wake ba su sani ba. Na ce lungun nan ba takarda, ba kwamfuta, ni zan ja shi a ƙasa da hannuna, da awon Malam. Sabi'u mutum ne da bai taɓa ce mini a'a ba. Ya raba gardama, ɗakuna a bi zanen Bilkisu, lungu a bar wa Inna.

Bayan an shigar da amfanin gona aka kwashe ɓaraguzai, aka fara da ɗakunan ciki, ni ina zaune a ɗaya da ya tsira a can ƙurya. Mai ginin Tanimu ne, wanda ya koyi aiki a hannun Malam kafin ya koma birkila. Yanzu shi ma gemunsa ya yi fari. Ranar da aka zo kan zaure da lungu, na ɗebo toka a murhu cikin ƙwarya, na fito gaban ma'aikata, na durƙusa a kan gwiwoyin nan da ke ciwo. Na kafa gwiwar hannuna a ƙasa. Kamu. Kamu. Taƙi. Na sa dutse. Na sake a ɗaya ɓangaren. Na bi da toka, layi ya fito fes. Wallahi a lokacin ji na yi kamar Malam yana tsaye a bayana.

Tanimu ya zagaya layin sau biyu yana shafa gemu. Ya ce, "Inna, kamar ya ɗan matse."

Na ce masa lokacin da yake ɗaukar wa Malam laka a ka, majina na zuba, ni nake zuba masa tuwo, kuma ban tuna ranar da ya zama mai gyara awon ubangidansa ba. Ya ce Allah ya ba ni haƙuri. Ya kafa turaku, ya ja igiya a kan tokata.

A ranar na dai ga Bilkisu ta auna layin da tef ta rubuta. Bayan kwana biyu ta yi sallama a ɗakina da kwamfutarta, ta durƙusa, ta ce tana so ta nuna mini wani abu. Ashe ta roƙi ubanta ya auno mata makarar masallaci bayan sallah, tsawo da faɗi, ta sa a cikin zanen. Na ga lunguna a tsaye. Na ga wani dogon abu ya taho, da siffar mutum huɗu suna ɗauke da shi. Ya zo kan kwana ya tsaya. Ta ja shi baya, ta karkata shi, ya sake tsayawa, gefen da ya daki bango ya koma ja.

Ita awo take nuna mini. Ni gawata na gani.

"Tun ina da rai kin ɗora ni a makara kina yawo da ni a cikin akwati?"

"Kaka, ai ba kowa a kai."

Na ce ta rufe. Ta rufe. Ta ce to tunda ba na son na kwamfuta, bari ta nuna mini da hannu. Ta shimfiɗa takardarta, ta yanko ɗan kwali daidai girman makarar a awon takardar, ta tura shi cikin lungun da yatsa. Shi ma ya cije a kwana. Na ce mata takardar nan da kwamfutar nan duk hannunta ne ya yi su, shaida ɗaya ce aka kira sau biyu. Shekara nawa Malam yana gina lungu da awon nan, wa ya taɓa jin makara ta maƙale a gidan da ya gina? Ta buɗe baki za ta ƙara magana, na juya mata baya. Ta ce, "To, Kaka," ta naɗe takardarta ta fita. Da yamma na ji ubanta yana ce mata ta bar maganar, Inna ta fi su sanin wannan.

Ana cikin ginin zazzaɓi ya kwantar da ni, mako guda cur ban leƙa waje ba. Maƙwabta suna shigowa dubiya. Wadda ta fi zuwa ita ce Yalwa, tsarata, shekara ɗaya aka kawo mu garin nan, kuma ita ce ke wanke mata idan sun rasu. Ta kan zauna ta yi mini tsiya, wai in tashi, ba ta da ƙarfin wanke mai taurin kai a wannan makon.

Safiyar Talatar na ji ƙarfi a jikina, na fito. Sabi'u ya riga ya bi motar birni. Bangon lungu ya kai wuyan namiji. Na shiga na taka daga farko zuwa ƙarshe, kuma zan faɗi gaskiya, zuciyata ta gaya mini. A tsohon lungunmu ni da Hadiza mukan yi kiciɓis kowa da tulu a ka mu wuce juna. Wannan kuwa da na buɗe hannuwa kaɗan sai na taɓa bango biyu. Amma na ce wa kaina ai bulo ne, ya fi ƙasa miƙewa, shi ya sa yake wa ido kamar ya matse. (Mutum idan ya so ya ruɗi kansa ba ya rasa dalili, ko da safe ne bai karya ba.)

Sai na jiyo Tanimu yana yi wa Bilkisu magana ƙasa-ƙasa, wai in za a gyara to yanzu ne, kafin a ɗora linta, simintin saman ƙofa. Raina ya ɓaci. Na ce raɗe-raɗin nan ya isa. Ba takarda, ba kwali, ba kwamfuta, a je masallaci a ɗauko makarar kanta, kowa ya gani da idonsa.

Tanimu ya ajiye cokalin gininsa. Ya ce, "Inna, ba a yin haka."

Na ce, "Ai ba kowa a kai."

Maganar jikata na mayar, kuma na ji daɗin mayarwar. Ba wanda zai iya hana ni a gidan. Leburori biyu suka kalli Tanimu, ya kau da kai, suka tafi.

Abin da ban lissafa ba, ni mai ido, ni mai riƙo, shi ne hanya. Masallacinmu yana ɗaya gefen gari. Daga can zuwa gidanmu sai an wuce famfo inda mata ke layin ruwa, a wuce injin niƙa, a wuce mai shayi. Ladan yana gona, ba wanda ya tambaye su a can. A hanya kuwa ba a tsayar da mai ɗauke da makara a ce ina za ka, bin sa ake yi da ido a ga ƙofar da zai shiga. Suka shiga tamu. Garin duka kuwa ya san mako guda ke nan ina kwance.

Ni ban san wannan ba. Ina daga cikin lungu, ɓangaren tsakar gida, ina ba da umarni. Mutum huɗu suka saɓa ta a kafaɗa yadda ake yi, Tanimu a gaba. Suka shigo daga zaure, suka zo kwana, ta tsaya. Na ce su ja baya su karkata. Suka karkata, ƙafarta ta kankare bulo. Na ce na baya su matsa hagu. Babu hagun da za su matsa. Wani ya ce a ɗaga ta sama da bango, na ce idan an yi rufi ta ina za a ɗaga? Sau uku ana gwadawa. A na ukun ta cije, ba gaba ba baya, a daidai wurin da na ga ta koma ja a kwamfutar Bilkisu.

A daidai wannan lokacin na jiyo salati daga waje.

Mata ne, da yawa. Suka cika zauren da ba rufi, suka kasa wucewa saboda makara ta toshe hanya. Ni kuwa gajeruwa ce, bangon da ya kai wuyan namiji ni ya shanye ni gaba ɗaya. Ba wadda ta gan ni. Tanimu, da itacen makara a kafaɗa, ya waiwayo ya kalle ni yana jiran in yi magana. Na kasa. Kafin ya samo abin faɗa, muryar Yalwa ta rufe wurin, tana yi wa ma'aikatan faɗa, wane marar hankali ne ya ce a shigo da makara ba a ko yi wanka ba. Ta rufe su da faɗan da ba wanda ya samu wurin sa baki. Ta ƙasan makarar na hango ƙafafunta, da ƙwarya a hannunta da ganyen magarya a ciki.

Sai aka fara. Wata ta ce Allah ya jiƙan ta, ba ta taɓa cin haƙƙin kowa ba. (Na ji daɗin wannan, ba zan ɓoye ba.) Wata ta ce haka ne, amma akwai faɗa. Wata daga baya, wadda na gane muryarta sarai kuma har yau muna gaisawa, ta ce Hadiza dai yanzu za ta sha iska. Yalwa ta ce su rufe mata baki, ba a gama ko wanka ba. Sai muryarta ta canza.

"Shekara hamsin muna tare," in ji ta. "Ranar da na rasa ɗana ita ta kwana bakwai a ɗakina. Amma ban taɓa jin ta ce na yi kuskure ba, ko sau ɗaya. Allah ka yafe mata wannan."

Ta fashe da kuka, irin na gaske, wanda ba a yi don mutane.

Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye ba. Bai fi a sha ruwa a ajiye moɗa ba, amma na ji shi kamar yini. Dole in fito, hanya kuwa ɗaya ce. Na durƙusa a kan gwiwoyina, na rarrafa ta ƙarƙashin makarar, tsakanin ƙafafun ma'aikata, na ɓullo cikin zaure da siminti a zanina da ƙura a hannu.

Matan suka watse. Wata ta bar takalminta ɗaya, wata ta yi karo da tulin yashi. Yalwa ce kaɗai ba ta gudu ba, ta ga gawa da yawa, ta san wannan ba ita ba ce. Ta nemi bulo ta zauna, ƙwaryar a cinyarta.

"Ke ce?"

"Ni ce."

"To wa ya rasu?"

"Ba kowa. Awo muke yi."

Ta daɗe tana kallona, hawaye bai bushe mata ba. Ta zubar da ganyen magaryar a ƙasa, ta tashi ta tafi.

Da a nan abin ya tsaya, da da sauƙi. Maza sun riga sun taru a ƙofar gida. Wasu samari uku sun ɗauki diga da shebur sun nufi maƙabarta, sai da aka bi su da babur. Liman ya zo da carbinsa, aka yi masa bayani, sannan ya ce mini a hankali, gaban mutane, makara ba sandar awo ba ce, da na sa an yanko gora mai tsawonta da ta wadatar. Na ce haka ne. Me zan ce?

Mafi nauyi shi ne wani mai gaggawar alheri ya riga ya buga wa Sabi'u waya. Bilkisu ta yi ta kiransa don ta gyara, bai ɗauka ba, wayar tana aljihu, shi yana cikin mota yana kuka. Sai da ya wuce rabin hanya ta same shi. Bai juya ba. Ya iso wajen azahar, idanunsa jajur, hularsa a hannu. Ya shigo ɗakina ya durƙusa, ya kama hannuna ya riƙe. Na jira ya yi mini faɗa, ko sau ɗaya a rayuwarsa, da na samu sauƙi. Bai yi ba. Mutum mai 'ya'ya bakwai, na sa shi ya yi maraici na awa guda a kan titi don in ci gardama da 'yarsa.

Da yamma, bayan an zare makarar da ƙyar an mayar, Tanimu ya roƙe ni in sake yin awon a ƙasa ya gani. Ba ni da sauran bakin ƙi. Na kafa gwiwar hannu, kamu, kamu, taƙi, ya sa dutse. Sai ya durƙusa a gefena ya yi nasa daga wuri ɗaya. Dutsensa ya wuce nawa da nisa. Ya ce, "Inna, kuma hannun Malam ya fi nawa tsawo."

Malam dogo ne, duk ƙofar da zai shiga sai ya sunkuya. Ni kuwa ko kafaɗarsa ban kai ba. Shekara arba'in ina kallon hannun nan yana awo, na riƙe lissafin daram, ban taɓa kawowa a raina cewa kamun nasa ne ba nawa ba.

Bilkisu ta ɗauko tef ta auna na Tanimu, ta sa a kwamfutarta. Wannan karon ban ce ta rufe ba. Dogon abin ya taho, ya zo kwana, ya juya, ya wuce. Ta ce wa ubanta, "Baba, ka gani, awon Kaka daidai ne." Ƙofa ta buɗe mini in fita da sauran mutuncina, na kuma gane. Amma maganar Yalwa tana kunnena. Na ce a'a, awon Malam ne daidai, ni na yi kuskure. Hadiza tana kwashe tuwo, sai da ta tsaya da mara a hannu. (Labari ya kai wa Yalwa. Bayan kwana uku ta zo ta ce in maimaita a gabanta, tunda ita ta roƙa mini. Na ce abin da ya wuce ya wuce.)

Washegari aka rushe bangon gefe ɗaya. Bilkisu ta fitar da awon daga kwamfuta, ta ja da tef, aka bi da toka, ta ce in shiga in taka kafin a haƙa. Na taka. Yanzu tana zana wa mutane gidaje a nan da wajen Minjibir, kuma an ce mini duk wanda ya kawo mata aiki sai ta tambaye shi ta inda za a fita da shi, wasu har su ji haushi. Wani aikin ta fara a takarda, wani a kwamfuta. Na daina tambayar wanne ya fi, don a ranar nan duka biyun gaskiya suka gaya mini, ni ce na ƙi ji.

Abin da na koya da tsufana, idan na ji na tabbata da abu har ina ɗaga murya, nakan tsaya in tambayi kaina da hannun wa aka auna shi. Ba kullum nake tunawa ba, Hadiza shaida ce.

Lungun dai ba a sake gwada shi da makara ba, liman ma ya sa mata kwaɗo. Gwaji na gaba ina kai. Idan ta wuce, alhamdu lillahi. Idan kuma ta maƙale, wannan karon kunyar ta Bilkisu ce.